Amfanin Gina Manhajar Kwamfuta Hawa-Hawa

A ran 1 ga Fabrairu, 2020, harajin VAT a Nijeriya ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 7 da rabi. A irin wannan rana ake gane manhajar da aka gina da tsari.

Masana sukan raba manhaja hawa uku. Hawan sama shi ne fuskar da ma'aikaci yake gani yana cikewa. Na tsakiya shi ke riƙe da ƙa'idodin aiki, watau yadda ake lissafin haraji ko albashi. Na ƙasa kuwa shi ke adana bayanai, kamar dai ɗakin ajiyar fayil a ma'aikata.

In an bi wannan tsari, wuri ɗaya tak za a gyara adadin harajin. In kuwa an watsa shi cikin rasit da rahoto da ma'adanar bayanai, tilas a bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka manta da guda, sai rasit ya faɗi daban, littafin akanta ya faɗi daban, masu binciken kuɗi su tuhumi akawun da bai ci ba bai sha ba.

Dabarar ta daɗe. Tun 1968 Edsger Dijkstra, wani shehun malami ɗan ƙasar Holan, ya bayyana manhajar da suka gina hawa-hawa a Eindhoven, kowane hawa yana dogara da na ƙasansa kaɗai.

Saboda haka ya kamata jami'in da zai sayo wa ma'aikatarsa manhaja ya tambaya: in doka ta sake, wuri nawa za a taɓa?