Jeff Astle da Ciwon da Ba Ya Zubar da Jini

Muna yara a filin unguwarmu, babu wanda muke ganin girmansa kamar mai iya tashi sama ya tari kwana da ka. In ya diro yana layi, sai a kwara masa ruwa a ka, a buga masa kafaɗa, ya koma wasa. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba sai da na san labarin Jeff Astle.

An haifi Astle a Ingila a 1942. Ya fara taka leda a Notts County, a 1964 ya koma West Bromwich Albion, inda ya ci ƙwallo 174 a wasanni 361. Magoya baya suka naɗa shi Sarki. Shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba su Kofin FA a kan Everton a 1968, kuma yana cikin 'yan wasan Ingila a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko. Gwanintarsa ita ce buga ƙwallo da ka, a zamanin ƙwallon fata, wadda in an yi ruwa take jiƙewa ta yi nauyi. Ga ranar wasa, ga atisaye kullum, duk a goshi ɗaya.

Bai kai sittin ba mantuwa ta kama shi. Iyalinsa sun ce ta kai ga bai ma san ya taɓa buga ƙwallo ba. Ya rasu a Janairun 2002 yana da shekara 59, kuma jami'in binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa ciwon sana'a ne ya kashe shi. A 2014 Dakta Willie Stewart na Glasgow ya sake duba ƙwaƙwalwarsa, ya gano cutar CTE, wadda a da aka fi sani a wurin 'yan damben zamani.

Yaya abin yake faruwa? Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai kamar kindirmo a ƙwarya. Duk bugun da kai ya sha, sai ta girgiza. Bugu ɗaya yakan wuce ba a ji komai ba, amma dubbai cikin shekaru suna lalata ƙananan jijiyoyi, wani sinadari mai suna tau ya taru a inda bai kamata ba. Babu jini, babu kumburin da ido zai gani. Sai bayan an rataye takalma ciwon yake sallama: mantuwa, saurin fushi, rikicewar tunani.

A 2019 binciken Jami'ar Glasgow kan tsofaffin ƙwararrun 'yan wasan Sikotilan fiye da 7,000 ya nuna haɗarin mutuwarsu ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran jama'a kusan sau uku da rabi. Daga baya aka gano 'yan baya ne suka fi shiga haɗari, gola kuwa, wanda hannu ne aikinsa, haɗarinsa kusan ɗaya ne da na kowa. Cikin waɗanda suka ci wa Ingila kofin duniya a 1966, mutum biyar sun yi fama da cutar mantuwa, har da Bobby Charlton da wansa Jack.

'Yar Astle, Dawn, ba ta yi shiru ba. Iyalin sun kafa gidauniya da sunansa a 2015. A shekarar ne Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka, a 2020 kuma Ingila da Sikotilan suka hana wa 'yan firamare a wajen atisaye.

Ina son ƙwallo, kuma har gobe ina kai ɗan ƙanena fili. Roƙona ga kociyoyin unguwa da iyaye shi ne: a bar ƙananan yara su ƙware da ƙafa tukuna. In kuma yaro ya yi karo ya tashi da jiri, amai, ciwon kai ko ganin biyu-biyu, ko bai suma ba, a fitar da shi, kada ya koma ranar, a kai shi ga likita. Zai yi kuka, abokansa za su ce masa rago. A bar su su faɗa. Gara ya rasa wasan yau, ya tsufa yana tuna sunayen jikokinsa.