Ko Ka Sani? Kukan da Ke Tona Asirin Elk a Watan Satumba

Ko ka san cewa a duwatsun Roki na Amurka akwai dabbar da ke sanar da maharbi inda take da bakinta? Elk ke nan, ƙaton dangin barewa mai ƙaho mai rassa, wanda namijinsa kan haura kilo 300. Da zarar Satumba ta kama, lokacin barbara, sai namijin ya tara mata garke guda, ya riƙa birgima cikin taɓon da ya yi wa fitsari, yana rangaɗa dogon kuka mai kama da busa don jan hankalin mata da gargaɗin abokan hamayya. A kan wannan kuka maharban Kolorado, Montana da Idaho suka gina dabararsu. Sukan fita su biyu: ɗaya ya laɓe a baya yana kwaikwayon muryar mace ko ta wani namiji, ɗayan ya durƙusa a gaba da kwari da baka. Namijin yakan taho neman mai muryar, sai ya gifta ta gaban mai kibiya.

Wasu na ganin wannan cin zali ne, tunda sha'awa ta rufe wa dabbar ido. Ƙorafin yana da nauyi, amma barbara ba ta toshe wa elk hanci. Da asuba iska mai sanyi tana gangarowa daga tudu, idan rana ta ɗaga kuma sai ta juya ta hau sama. Maharbin da bai lura da juyawar ba, warinsa zai riga shi isa, matan garken su zabura, namijin ya bi su. Ga shi kuma a jihohi da dama, farkon kakar farauta na masu baka ne, kibiya kuwa sai an matso kusa. Shi ya sa yawancinsu ke komawa gida hannu rabbana. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Abin da ya kusa ƙarar da elk a ƙarni na 19 shi ne kisa ba ƙa'ida da cinye masa makiyaya. A farkon ƙarni na 20 adadinsa bai kai 100,000 ba, yau kuwa ya kai kimanin miliyan ɗaya. Lasisi, ƙayyade lokacin farauta, da harajin bindigogi da harsasai da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware don kula da namun daji, suna cikin abin da ya farfaɗo da shi. Muddin doka na taƙaita makami da yawan abin da za a harba, dabarar kira ba ta isa ta ƙarar da garke ba.