Dokar Faransa kan wuraren ninkaya na gida

A ranar 3 ga Janairun 2003 Faransa ta kafa dokar da ta wajabta wa duk wanda ya haƙa wurin ninkaya a farfajiyar gidansa ya tanadi kariyar da za ta hana ƙananan yara, musamman 'yan ƙasa da shekara 5, faɗawa ruwa. Dokar ta ba mai gida zaɓi cikin abubuwa huɗu, wato shinge, ko murfi mai ƙarfi, ko rumfar da ke lulluɓe wurin baki ɗaya, ko ƙararrawa, kuma wanda ya yi kunnen ƙashi yana iya shan tarar da ta kai Yuro 45,000.

Wannan zaɓi shi ne raunin dokar, domin kariyoyin ba su zo ɗaya ba. Shinge mai tsayin aƙalla mita 1.10, wanda sakatar ƙofarsa ta fi ƙarfin hannun yaro, yana tare shi tun kafin ya kai bakin ruwa, alhali ƙararrawar da ke jin motsin ruwa ba ta kaɗawa sai ya riga ya faɗa, kuma yaron da ke nutsewa yakan tafi shiru, ba ihu ba fantsama, cikin 'yan mintoci. Haka kuma dokar ba ta shafi wuraren ninkaya na roba da ake hurawa ba.

Jihar New South Wales ta Ostireliya ta fi tsanantawa, inda duk wurin ninkayar da zai iya riƙe ruwa mai zurfin fiye da santimita 30 sai an kewaye shi da shingen mita 1.2 mai ƙofar da ke rufe kanta.