Tsofaffin Shirye-shiryen Talabijin: Faransa Ta Adana Nata, Damagaram Fa?

A 2024 aka dakatar da "Des chiffres et des lettres", shirin gasar lissafi da haɗa kalmomi na Faransa, bayan shekara 52. Masu kallon TV5Monde a Damagaram sun san shi. Amma bai ɓata ba, domin hukumar INA na adana tsofaffin shirye-shiryen ƙasar.

Damagaram ma tana da nata abin tunawa. A shekarun 1980, wasannin Hausa na ƙungiyar ORTN ta Zinder, ƙarƙashin jagorancin Yazi Dogo, sun riƙa tara jama'a gaban akwatin Télé Sahel. Sai dai kaset ba ya jure zafi da ƙura. Muddin ba a kwafe su zuwa kwamfuta ba, matasa labari kawai za su gada.