Shin Ko Kun San? Land Cruiser Ba Ta Tsoron Hamada, Bokitin Ruwa Take Tsoro

Shin ko kun san cewa Toyota Land Cruiser, jif ɗin nan da ba a rasa ta a ayarin gwamnoni da manyan sarakuna, ta haura shekara 70 a duniya? A 1951 aka ƙera ta farko a Japan, ana tsakiyar yaƙin Koriya, kuma ba don masu hannu da shuni aka yi ta ba. Rundunar tsaron ko-ta-kwana ta Japan ce ke neman ƙaramar mota mai ja da taya huɗu, sai Toyota ya ɗauko injin babbar mota, mai silinda 6 da lita 3.4, ya ɗora a kan shasin ƙaramar motar kaya. Abin mamaki, ba ita ta ci kwangilar ba. Mitsubishi aka ba.

Amma a watan Yulin shekarar, direban gwaji Ichiro Taira ya hau dutsen Fuji da ita har zango na 6, inda wata mota ba ta taɓa kaiwa ba. Daga nan 'yan sandan Japan suka fara sayenta don sintiri.

Shin ko kun san sunanta na yanka Toyota Jeep BJ? Kamfanin Willys na Amurka ne ya ce Jeep sunan motarsa ne, dole a 1954 aka sauya mata zuwa Land Cruiser.

Zuriyarta na da yawa. Samfurin 40 ya fito a 1960 ya yi zamani har 1984, a Brazil ma sai 2001 aka daina ƙera shi. Samfurin 55 na 1967 shi ne ya buɗe layin doguwar jif mai ɗaukar iyali, daga shi sai 60 a 1980, sai 80, sai 100 a 1998, 200 a 2007, 300 kuma a 2021. Prado ƙanwa ce, a 1990 ta samu sunanta. Lexus LX kuwa ita ce dai Land Cruiser, an yi mata kwalliyar gidan sarauta an ƙara kuɗi. A 2019 Toyota ya sanar cewa duk zuriyar an sayar da fiye da miliyan 10.

Shin ko kun san akwai yaƙin da ake kira da sunan kamfanin? A nan maƙwabta aka yi shi. A 1987 sojojin Cadi na zamanin Hissène Habré, Hassan Djamous na jagorantarsu, suka fuskanci tankokin yaƙin Libiya da a-kori-kura ƙirar Toyota, Hilux da Land Cruiser, waɗanda aka girke wa makamai masu fasa tanka a baya. A garin Fada, a watan Janairu, suka tarwatsa dakarun Gaddafi, domin kafin tanka ta juya bakin bindigarta motar ta riga ta ɓace cikin yashi. Tarihi ya riƙe shi da Yaƙin Toyota. Samfurin 70, wanda ya fito a 1984, har yau ana ƙera shi kusan yadda yake, kuma shi ne abin hawan ma'aikatan agaji da direbobin Agadas masu ratsa Tenere. Dalilinsu ɗaya ne: abin da ba shi da tarkace da yawa, bakanike na iya gyara shi a inda ya tsaya.

To, ga wani abu da zai ba masu taƙama haushi. A Ghana da Nijar mutane kan ce wane ya sayi V8, an gane Land Cruiser ake nufi. Silinda 8 ɗin ta fara ne da samfurin 100, mai lita 4.7, ta kai lita 5.7 a wasu na samfurin 200. Shin ko kun san sabuwar, wato 300, ba V8 ba ce? Silinda 6 gare ta, da tabo biyu masu tura iska cikin inji. Mai shan fetur lita 3.5 ce, ƙarfin doki sama da 400. Mai shan gas lita 3.3, ƙarfin doki sama da 300. Giya 10 ce mai canza kanta. An rage mata nauyin kusan kilo 200, wani ɓangare ta hanyar yin ƙofofi da rufi da bonet da alminiyam, duk da haka tana nan wajen tan biyu da rabi. Tsawonta ya kusa mita 5, tana jan tirela mai kilo 3,500, tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, kuma a ƙasashe da dama tankunanta biyu ne, su ɗauki lita 110 a haɗe. Duk wanda ya san kuɗin lita a yau, ya yi lissafin da kansa.

Wani sirrin kuma: tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 2,850 ce, kuma tun samfurin 80 ba a taɓa ta ba. Har yanzu bodi daban, shasi daban, kamar babbar mota, shi ya sa take jure gargada.

A farkon 2022, Toyota ya ba masu saye a Japan haƙuri cewa wanda ya yi oda zai iya jiran shekara 4. Saboda ɓarayi sun matsa mata a can, har na'urar karanta zanen yatsa aka sa a maɓallin tayar da inji.

Yanzu mu leƙa ciki, inda ni a ganina aka fi cutar wannan mota. Ƙarfin da ake ba da labari a ƙarƙashinta yake. Cikinta fata ce da soso da wayoyi da kwamfutoci, kuma ba a yi su don wankin tiyo ba.

Shin ko kun san a ƙarƙashin kafet da kujeru akwai wayoyin jakar iska ta kariya, da injinan matsar da kujera, a wasu ma har da na'urar ƙara sautin rediyo? Yaron wankin mota da ya kwarara bokiti a kan kafet yana ganin ya yi gwaninta. Sama za ta bushe, sosan da ke ƙasa kuwa ya riƙe ruwan kwana da kwanaki. Daga nan wari ke farawa, sai tsatsa a mahaɗar wayoyi, sai fitilar gargaɗi ta kama a dashbod a rasa dalili. Tabarmin ƙafa kaɗai ake cirewa a wanke a waje, shi ma sai ya bushe sarai kafin a mayar.

Wajen mayarwar ma akwai magana. A 2009 Toyota ya yi wa miliyoyin motocinsa kiranye a Amurka saboda tabarmin direba na iya danne totur. A saƙala shi a ƙugiyoyinsa, kada kuma a ɗora wani a kan wani.

Ƙura ake fara cirewa kafin ruwa ya taɓa komai, daga sama zuwa ƙasa, da na'urar zuƙar ƙura da buroshi mai laushi. Ƙurar hunturu tana da kaifi. In aka goga ta da jiƙaƙƙen tsumma, ta zama taɓo ta kankare fenti da allon dashbod. A tuna da layin kujeru na 3 da layukan ƙarfen da kujeru ke zamewa a kai, can ne ɓawon gyaɗa da ƙwallon dabino ke taruwa.

Shin ko kun san Omo da bilic abokan gabar kujerar fata ne? Yawancin fatar mota tana da siririn rufi a samanta, sabulu mai kaifi yana cinye shi, rana ta ƙarasa aikin, fatar ta tsattsage. Sabulu mai sauƙi kaɗan a ruwan ɗumi ya isa, a matse tsumman sosai, a gwada a lungun da ido ba ya gani tukuna. Kujerar da ke da ƙananan huji, mai hura sanyi, a kan tsumma ake zuba mai tsaftacewa, ba a kanta ba, don fanka ce a ciki. Manja ko miya in sun zube, dannawa ake yi da tsumma a tsane, gogawa faɗaɗa tabon take yi. Turare mai maiƙo da ya tsiyaye a kan roba kuwa yana iya narka fentinta, a share nan take.

Silin manne yake da gam, in ya jiƙe zai saki ya rataya a kan fasinja. Bel kuma ba a sa masa bilic, yana raunana zaren. A ja shi gaba ɗaya, a goge da ruwan sabulu, a bar shi ya bushe kafin ya naɗe. Ruwan goge gilashi mai amoniya yana lalata tintak da allon taɓawa. Man ƙyalli da ake lafta wa dashbod, ni dai ban ga amfaninsa ba: yana haska gilashin gaba ya kashe wa direba ido, yana kuma kama ƙura. A kan sitiyari ko birki kuwa santsi ne mai kai mutum asibiti.

Shin ko kun san iskar da kuke shaƙa a ciki tana bi ta wata matata da ke bayan akwatin gaban fasinja? Mutane da yawa kan je a ƙara musu gas ɗin na'urar sanyi alhali matatar ce ta toshe. Cire ta ba ya buƙatar sifana, kuma a ƙasa mai ƙura irin tamu gara a duba ta da zarar hunturu ya wuce. In motar na da firiji tsakanin kujerun gaba, a goge shi a bar murfin a buɗe ya sha iska. Warin da ya rage bayan duk wannan, a ajiye gawayi cikin kwano a ƙarƙashin kujera ya kwana biyu, a cire kafin a hau hanya.