Raddi Ga Masu Cewa 777 Ce Maganin Rashin Shiga

Akwai shawarar da ta zama ruwan dare tsakanin masu kula da kwamfutocin Linux: idan masu amfani suka kasa shiga, amma root yana shiga lafiya, to a buga chmod 777, kowa ya samu hanya. Masu ba da wannan shawara ba su faɗi haka don wasa ba. Sun gane cewa matsalar ta izini ce, kuma a nan sun yi daidai, domin root ba ya tsayawa a shingen izini kamar sauran mutane. Inda nake saɓa musu, cikin girmamawa, shi ne maganin.

Kowace lamba a cikin ukun tana wakiltar wani: mai fayil, rukuninsa, sai sauran jama'a. Karatu 4 ne, rubutu 2, gudanarwa ko ratsa folda 1. Saboda haka 777 na nufin kowa ya karanta, ya sauya, ya gudanar. Matsalar ita ce manhajojin da ke tsaron ƙofar shiga an gina su ne su ƙi amincewa da fayil ɗin da kowa zai iya taɓawa.

Ɗauki OpenSSH. Tsarinsa na StrictModes a kunne yake tun asali, kuma idan ya tarar wasu na iya rubutu a foldar gida ta mai amfani, ko foldar .ssh, ko fayil ɗin authorized_keys, sai ya yi watsi da makullin. Dalilinsa a fili yake: wanda zai iya rubutu a wurin zai iya saka nasa makullin. Abin da aka saba bayarwa shi ne 700 ga foldar .ssh, 600 ga fayil ɗin. Haka ma sudo ba ya aiki idan kowa na iya rubutu a /etc/sudoers.

Wanda ya haɗa da -R ya bi da 777 a kan dukan tsarin kuwa, garin neman gira ya rasa ido. Manhajoji irin su sudo, su da passwd sun dogara da alamar setuid, wato 4 ɗin farko a 4755, don yin aiki da ikon root. Umarnin zai share wannan alama, ya kuma buɗe /etc/shadow, inda ake ajiye kalmomin sirri a lulluɓe, ga duk mai asusu.

Galibi ɓarnar ta asali a wuri guda take. Idan tushen tsarin, wato /, ya koma 700 maimakon 755, babu mai amfani da zai iya ratsawa zuwa ko'ina. Dole /etc/passwd ya karantu ga kowa, 644. Foldar /tmp tana buƙatar 1777, kuma 1 ɗin farko shi ke hana wani goge fayil ɗin wani. Wani lokaci ma mallaka ce ta rikice: an gudanar da manhaja mai hoto da sudo, fayil ɗin .Xauthority ya zama na root, sai allon shiga ya riƙa karɓar kalmar sirri yana mayar da mutum baya. Maganin wannan chown ne. Idan kuma akwai fayil ɗin /etc/nologin, za a hana kowa shiga ban da root, ko da duk izini na daidai.

Na san hujjar 'yan uwana: ma'aikata na jira, shugaba na kira, babu lokacin bincike. Amma binciken bai kai gyaran ɓarna tsawo ba. A duba /var/log/auth.log a Debian da Ubuntu, ko /var/log/secure a Red Hat, ko journalctl. Sau da yawa sunan foldar da ta jawo matsalar yana rubuce a nan. Umarnin namei -l zai nuna izinin kowace folda daga tushe har inda ake nema.

Mutane sun ba mu amanar asusunsu da takardunsu. Idan suka kasa shiga, haƙƙinsu ne mu nemo lambar da ta karkace mu daidaita ta ita kaɗai, mu bar kowane fayil da iyakar izinin da aikinsa ke buƙata.