Hotuna Uku a Littafin Ɓeraye

Mai zanen katun zai iya zana duk fuskar da ya ga dama. To, me zai sa ya ajiye alƙalami ya manna hoton gaske a tsakiyar aikinsa? Littafin Maus na Art Spiegelman, ɗan Amurka, ya isa misali.

Spiegelman ya zana labarin iyayensa, Vladek da Anja, Yahudawan Poland da suka tsira daga sansanin Auschwitz a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi ta naɗar hirarsa da mahaifin a kaset, sannan ya zana Yahudawa a siffar ɓeraye, Jamusawa kuma kyanwoyi. Juzu'i na farko ya fito a 1986, na biyu a 1991, littafin ya ci kyautar Pulitzer a 1992. Duk yawan shafukan nan, hotunan gaske uku kacal ya saka.

Na farko shi ne da mahaifiyarsa a 1958, yana ɗan shekara 10. Ya ɗora shi a kan wani gajeren zane da ya yi game da yadda ta kashe kanta a 1968. Na biyu hoton yayansa Richieu ne, wanda bai taɓa gani ba. A 1943 ƴar'uwar mahaifiyarsu da ke riƙon yaron ta ba shi guba tare da sauran yaran hannunta, ita ma ta sha, don kada a kwashe su zuwa sansani. Hoton nan a ɗakin kwanan iyayen yake rataye, Art ya taso yana kishi da wan da ba ya girma, ba ya laifi.

Na uku ne abin lura. Vladek ne sanye da kayan fursunan sansani, sababbi fes, fuska a cike. Wanda bai san zance ba sai ya ce ai wahalar ba ta kai yadda ake faɗa ba. Ashe bayan an sako shi ne ya shiga wani shagon hoto mai ajiye irin kayan, ya ɗauka, ya aika wa matarsa don ta san yana raye. Kun gani ke nan: hoto yana shaida cewa an yi mutumin, amma ba ya magana. Sai an sami mai ba da labari, kuma aikin da zanen ya yi ke nan.

Akwai kuma abin da ya salwanta. Anja ta rubuta tarihinta a littattafai, amma bayan rasuwarta Vladek ya ƙone su saboda baƙin ciki. Shi ya sa labarin ya zo ta bakin uba kawai. Shi ma uban ya rasu a 1982, bai ga littafin ba.

Don haka ƴan sashen zane-zane, har ma da sauranmu, in an tafi hutu a sauko da tsohon akwatin nan. A ɗauki kowane hoto da waya, a zauna da Kaka a tambaye ta wane ne wannan, a ina, wace shekara, a naɗi muryarta. A rubuta suna a bayan hoton da fensir, don biro yana ɓata takarda. Mai hannun zane ya zana mata gidan da aka haife ta yadda ta kwatanta, ya ba ta ta gyara. Za ku sha mamakin abin da za ta tuno.